Yadda Ake Zaɓen Abinci Marar Sinadari ga Kajin Gida Idan Manya da Ƙanana Suna Haɗe

A gidan da ake kiwon kaji a tsakar gida, da wuya ka tarar dukansu sa'o'in juna ne. Ga uwa tana jan 'yan tsaki, ga sagaru da suka kusa fara ƙwai, ga zakara yana ta iko, ga wata tsohuwa da aka ƙi yankawa saboda ta iya kwanci. Duk kwano ɗaya suke rufar wa. To amma buhunan abincin da ke shago ba don irin wannan gida aka yi su ba. An yi su ne don gonar da ke zuba tsaki dubu rana ɗaya, su girma tare, a sauya musu abinci tare: sitata don 'yan tsaki, sannan girowa don matasa, sannan leya don masu ƙwai. Mai kaji goma sha biyar masu shekaru daban-daban, wanda kuma yake son abin da zai ba su ya zama mai tsabta, babu maganin ƙwari babu ƙwayoyin magani a ciki, dole ya nemi wata dabara.

Ni sai da na yi asara kafin na gano ta. Wata shekara kajina sun riƙa yin ƙwai mai laushin ɓawo, na je shago na faɗa wa mai shagon. Ya ce, "Malam, ai leya za ka ba su, kwana uku za ka ga canji." Na ce, "Alhaji, akwai fa 'yan tsaki a cikinsu." Ya ce, "Ba komai, kaza kaza ce." Ɓawon ƙwai kam ya gyaru. Amma bayan 'yan makonni sai ƙananan suka fara takurewa gefe, suna shan ruwa ba ji ba gani, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na kai gawar ɗaya wurin likitan dabbobi, ya buɗe cikin ya ce, "Zo ka gani da idonka." Ƙodar ta kumbura, ga wani farin abu kamar an barbaɗa garin alli a kan hanta da zuciya. Ya ce, "Me kake ba su?" Da na faɗa masa sai ya girgiza kai kawai.

Abin da ya kashe su shi ne kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawon ƙwai. Abincin leya yana ɗauke da shi kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari, saboda ɓawon ƙwai guda yana cinye kusan giram 2 daga jikin kaza. Ɗan tsako kuwa kashi 1 cikin ɗari ya ishe shi, abin da ya haura haka ƙodarsa ce ke ɗaukar nauyin, har ta gaza. Zakara ma ba ya bukatarsa da yawa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu: a yi abinci ɗaya wanda ɗan tsako zai ci lafiya, sannan a ajiye wa masu ƙwai kalsiyam ɗinsu a wani kwano daban.

Mataki na farko: ƙirga kajinka ka san wa ke bukatar me

Ka tsaya da safe lokacin da aka buɗe akurki ka raba su a ido gida uku. 'Yan tsaki daga ƙyanƙyasa zuwa mako 8 suna son furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Matasa daga mako 8 zuwa wajen mako 18 ko 20 kashi 15 zuwa 16 ya wadatar da su. Masu ƙwai kashi 16 zuwa 17. Ka lura, furotin kashi 18 ba ya cutar da kowa a cikinsu: ya ishi ɗan tsako, bai yi wa babba yawa ba. Shi ya sa za mu tsaya a kansa.

Ka kuma duba irin kajin. Kazar Hausa da ke yawo tana tono, tana yin ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, ba ta kai kazar gidan gona bukata ba, wadda ke iya kusantar ƙwai 300. Kazar gidan gona a tsare tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Ta gida mai yawo, da damina, rabin wannan ma yana iya isarta saboda ƙwari da ɗanyen haki.

Mataki na biyu: ka san abin da kalmar oganik take nufi kafin a yi maka dabara da ita

A Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai kalmar tana da doka a bayanta. Ba a buga tambarin oganik a buhu sai an tabbatar hatsin ba a noma shi da takin zamani ko maganin feshi ba, ba irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ba ne, kuma ba a zuba ƙwayoyin kashe cuta a abincin ba. A Amurka sai gona ta yi shekara 3 ba ta ga irin waɗannan sinadarai ba kafin a amince da amfaninta. A kasuwanninmu kuwa kowa na iya rubuta kalmar a jikin leda. Saboda haka idan ka ga buhu an rubuta masa oganik, nemi sunan hukumar da ta tantance shi da lambar shaidarta. In babu, to rubutu ne kawai, kuma kuɗin rubutun za ka biya.

Ra'ayina shi ne, ga mai kiwon gida a Kano ko Zariya ko Maraɗi, abin da ya fi tambari shi ne ka san daga gonar wa hatsinka ya fito. Har yanzu akwai manoma da yawa a karkara da takin gida suke noma gero da dawa, wasu don sun fi yarda da shi, wasu don takin zamani ya fi ƙarfin aljihunsu. Gero da dawa sun fi masara samuwa a haka, domin masara mai cin taki ce. Wanda kuma ya damu da batun irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, ya sani cewa Najeriya ta amince da fitar da masarar TELA, wadda irin wannan ce, a farkon 2024, don haka tambayar wane iri aka shuka ta zama tambaya mai ma'ana yanzu.

Amma a gaskiya haɗarin da ya fi kusa da kajinka ba a gona yake ba, a rumbu da sito yake. Ana ajiye hatsi da wake da maganin ƙwari iri-iri don gudun ƙwaro, wasu har da irin su Sniper, wanda ba a yi shi don a zuba a abinci ba. Idan za ka sayi hatsi a babbar kasuwa irin ta Dawanau, cusa hannu can tsakiyar buhu ka ɗebo, ka shinshina. Warin magani ko wani farin gari a tafin hannu ya isa ka wuce gaba. Ka tambayi mai kaya kai tsaye, "Da me aka ajiye shi?" Wanda aka adana a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ko a duro mai murfi da iska ba ta shiga, shi ake so, domin rashin iska ne ke kashe ƙwaron, ba guba ba. Mafi sauƙi duka shi ne ka saya da kaka, daga hannun manomi, ka adana da kanka.

Mataki na uku: in buhun shago za ka saya

Ɗauki sitata ko girowa marar magani mai furotin kusan kashi 18, ka ba kowa. Karanta takardar da ke ɗinke a bakin buhu: furotin nawa, kalsiyam nawa, yaushe aka yi shi, an sa maganin gudawar jini ko ba a sa ba. Kalsiyam ya tsaya wajen kashi 1. Buhun da ya haura wata biyu a shago, ko ya dunƙule, ko yake warin tsami, bar musu kayansu. Idan abincin irin mai dunƙulen ƙwaya ne, manya za su ci amma ɗan tsakon kwana biyar ba zai iya haɗiya ba, sai ka ɗan daka masa ya zama kamar tsaki.

Mataki na huɗu: in da kanka za ka haɗa

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ribar take, domin ka san duk abin da ya shiga. Sayi ƙaramin sikeli. Mudu da tiya suna ruɗarwa, saboda mudun dusa da mudun masara nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma tiyar wannan gari ba ta wancan ba ce. Ga haɗin kilo 10 da ke ba da furotin kusan kashi 18 da kalsiyam ƙasa kaɗan da kashi 1:

Masara, ko masara haɗe da gero da dawa, kilo 5.4
Waken suya gasasshe, kilo 2
Dusar alkama, kilo 1.2
Ƙuliƙuli marar yaji, giram 700
Garin busasshen kifi, giram 300
Garin ƙonannen ƙashi, giram 200
Garin ganyen zogale, giram 150
Gishiri, giram 30
Garin bitamin na kaji da ake kira firimis, giram 20 zuwa 25

Hatsin shi ne mai ba da ƙarfi, amma furotin ɗinsa kaɗan ne: masara kashi 8 zuwa 9, gero ya ɗan fi ta. Wannan ne dalilin da ya sa kajin da ake watsa wa tsaba zalla suke ƙiba amma ƙwai ya ƙi zuwa, 'yan tsaki kuma su tsumbure. Idan dawa za ka sa, kaura ko farfara sun fi jar dawa mai ɗaci-ɗaci, wadda ɓawonta ke da wani sinadari da ke rage wa kaza amfanin abin da ta ci. Masara mai ruwan ɗorawa tana sa gwaiduwa ta yi kala; farar masara da gero ba sa yi, shi ya sa zogale ke cikin lissafin. A shanya ganyen a inuwa, ba a rana ba, don kada korensa ya ƙone.

Waken suya kada a kuskura a ba kaji shi ɗanye. Yana da wani sinadari da ke hana hanji narkar da furotin, kuma zafi ne kawai ke kashe shi. A zuba a babban kasko a kan wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba tsayawa, minti 15 zuwa 20. Za ka ji yana ƙara kaɗan-kaɗan, ɓawon yana tsagewa, ƙamshi kamar na soyayyar gyaɗa ya tashi. Fasa ƙwaya ɗaya da haƙori: idan cikin ya yi ruwan zuma kuma ɗanɗanon ɗanyen wake ya tafi, ya yi. Idan ya yi baƙi an wuce gona da iri, an ƙone amfanin. Wanda ba ya son tsayuwa gaban wuta zai iya tafasa shi rabin awa ya shanya, sai dai ya tabbata ya bushe ƙayau kafin niƙa.

Ƙuliƙuli furotin ɗinsa ya haura kashi 40, amma shi ne kayan da na fi taka-tsantsan da shi. Gyaɗa da masara idan suka sha laima suna yin fumfuna mai fitar da gubar da ake kira afulatoksin. Ita ce ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960, aka bi sawu aka gano daga garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Barazil ta fito. Gasawa ba ta kashe ta, tafasawa ba ta kashe ta, kuma ƙananan kaji da agwagi ta fi yi wa illa. Abin takaici, al'adarmu ita ce hatsin da ya lalace shi ake cewa "a ba kaji". Duk ƙwayar da ta yi kore-kore ko baƙi ko take warin ruma, a tsince a binne. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani abu mai suna Aflasafe da manoma ke watsawa a gona don rage wannan guba, kuma daga fumfunar da ba ta da guba aka yi shi. Idan ka samu manomin da ke amfani da shi, ka riƙe shi. Ƙuliƙulin kuma ka sa a yi maka na musamman ba gishiri ba yaji, ko ka sayi tunkuza ka shanya. In mai gishiri ka samu, cire gishirin da ke cikin lissafi, domin gishiri mai yawa yana sa tsaki zawo.

Kifin yana cikin haɗin ne saboda wani abu guda. Wake da gyaɗa suna da ƙarancin wani ɓangaren furotin da ake kira metiyonin, wanda gashin kaza da girman ƙwai suke bukata. Kamfanoni na zuba na roba su huta; dokar oganik ta Turai ta hana, ta Amurka ta yarda da ɗan kaɗan. Mu a gida kifi ne ke cike wannan giɓi, sai kuma tunkuzar riɗi, wadda take da shi sosai. In kana kusa da masu matsar man riɗi, maye rabin ƙuliƙulin da ita. Ɓurɓushin kifi da masu sayar da banda ke sharewa a ƙasan kwali ya wadatar, amma shi ma a shinshina, domin ana fesa wa busasshen kifi magani.

Wani abu a gefe: garin ƙashi ba ya cikin abin da dokokin oganik na ƙasashen waje suka yarda a ba kaji. Mai neman takardar shaida don sayarwa sai ya nemi madadinsa na ma'adini. Mai kiwo don gidansa, ni ban ga laifin ƙashin da ya ƙona da hannunsa har ya yi fari ya daka ba. Ƙuliƙulin auduga kuwa na shanu ne, a bar musu; yana ɓata launin gwaiduwa.

Wajen niƙa ka ce wa mai inji ɓarzawa kake so, kada ya mayar da shi garin tuwo. Gari mai laushi yana liƙe wa kaji a baki, iska kuma ta kwashe rabi. Wajen haɗawa, fara cuɗa ƙananan kayan, gishiri da firimis da ƙashi da zogale, a cikin dusa kamar kwano ɗaya, sannan ka juye wannan cikin sauran a kan tabarma ko leda, ka juya daga gefe zuwa tsakiya sau da yawa. In ka zuba gishiri kai tsaye a babban tuli, wata kazar za ta cinye rabon goma.

Kada ka haɗa fiye da na mako uku ko huɗu. Waken suya da ƙuliƙuli suna da mai, kuma da zarar an niƙa, zafin bazara zai sa su yi ɗaci. A zuba a bokiti mai murfi, a ɗora kan katako, nesa da bango.

Mataki na biyar: kwanon masu ƙwai

Samu ƙaramin gwangwani ka ɗaure shi a jikin bango ko turke, a tsayin da sai babbar kaza za ta kai. Zuba ɓawon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, da ake sayarwa a shagunan kayan kaji, ko dutsen farar ƙasa da aka ɓarza, ko ɓawon ƙwan gidanka. Idan ɓawon ƙwai ne, a wanke, a gasa a kasko, a murmushe shi yadda ba zai yi kama da ƙwai ba, in ba haka ba ka koya musu shan ƙwansu, kuma kazar da ta koyi wannan wuƙa ce maganinta. Ɓawon gida kaɗai ba zai isa ba idan masu ƙwan suna da yawa, sai an haɗa da na saye.

Abin mamaki shi ne kaza ta san bukatarta. Mai ƙwai za ka ga ta nufi gwangwanin musamman da yamma, domin da dare ne jikinta ke gina ɓawon ƙwan gobe. Zakara zai leƙa, ya tsinci ɗaya, ya yi gaba. Ka bar ɓawon da ɗan girma kamar ƙwayar dawa. Mai girma yana daɗewa a ƙundu yana narkewa a hankali cikin dare. Wannan daban yake da tsakuwar da kaji ke haɗiya don niƙa abinci. Masu yawo suna samun tasu a ƙasa, na tsare sai an ajiye musu yashi mai tsakuwa.

Mataki na shida: wurin cin 'yan tsaki

Ko abincin ya yi daidai, manya ba za su bar ƙanana su ci ba. Kifa babban kwando, ko ka kewaye wani lungu da kara ko waya, ka bar ƙofofi masu faɗin yatsu uku, yadda ɗan tsako zai shige amma babba ba zai iya ba. A ciki ka ajiye musu abinci a faifai ko murfin bokiti, da ruwa a kwano marar zurfi wanda aka jera wa duwatsu don kada su faɗa. Da suna girma sai ka faɗaɗa ƙofar. Kwandon yana kuma zama mafaka idan shirwa ta kawo farmaki.

A nan ne za ka ƙara musu abin da zai kai furotin ɗinsu kashi 20. Dafaffen ƙwai guda da aka murmushe ya ishi tsaki goma a makon farko. Sai gara. Dabarar tsofaffi har gobe tana aiki: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen karan dawa, a yayyafa ruwa, a kifa ta kusa da suri da yamma, a rufe da buhu don inuwa. Da sassafe kafin rana ta yi zafi a ɗauko, a zazzage a gaban tsaki. Mahaifiyata haka take yi, kuma ban taɓa ganin abin da ke sa ɗan tsako rawar jiki kamar wannan ba; a nan za ka gane dalilin da ya sa ake cewa ɗan tsako samu ka ƙi dangi. Sai dai a guji manyan masu jan kai da ke cizo, suna iya maƙale wa ƙaramin tsako a maƙogwaro. Fara ma tana da kyau in ka tabbata ba feshi ne ya kashe ta ba.

Mataki na bakwai: sauyi a hankali, sannan sa ido

Kada ka sauya abinci rana ɗaya. Kwana uku na farko kashi ɗaya sabo, uku tsoho. Kwana uku na gaba rabi da rabi. Sannan uku sabo, ɗaya tsoho. Zuwa kwana na goma an koma sabo zalla. Ragowar tuwo da ganyen kabeji da sauran tarkacen kicin a ba su da yamma bayan sun ci na ainihi, kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na cimarsu, in ba haka ba lissafin furotin ya rushe. Da bazara a ba su da sanyin safiya da la'asar, ruwa kuma a inuwa kullum.

Ka tuna abincin nan babu maganin gudawar jini a cikinsa, don haka tsabta ce za ta tsaya a madadinsa. Ƙasan akurki ya zama a bushe, musamman inda ruwa ke zuba, domin a laima cutar ke yaɗuwa, kuma tsakin mako 3 zuwa 6 ta fi kamawa. Ka ga jini a kashi, ka ga tsako ya saki fukafukai, nemi likitan dabbobi a ba shi magani. Ko dokokin oganik ba su yarda a bar dabba da ciwo don kare tambari ba. Haka rigakafin annobar Niyukasil da ke share kaji da hunturu: babu abincin da ke hana ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin rigakafinta, ana ɗiga shi a ido ko a sa a ruwan sha.

Bayan mako biyu, kajin da kansu za su gaya maka ko haɗin ya yi. Ɗauki ƙwai ka ƙwanƙwasa da farce: in ɓawon ya yi laushi ko ya zo kamar leda, duba gwangwanin kalsiyam, wataƙila ya ƙare ko an ɗaure shi inda ba sa kaiwa. In suna fizgar gashin juna suna ci, furotin ya gaza ko wurin ya matse, ƙara kifi ko riɗi. Kama ɗan tsako da dare ka taɓa gindin wuyansa, ya kamata ka ji jakar abincinsa a cike, da safe kuma ta sace. Shafa ƙashin ƙirjin sagara: in ya fito kamar bakin wuƙa tana rama, sai ka ƙara kwanon ci na biyu a nesa da na farko, domin sau da yawa abincin lafiya yake, wata uwar garke ce ta tsare bakin kwano. Sagarar da tsoronta, wato naman da ke saman kanta, ya fara ja ya kumbura, tana durƙusawa in ka kai hannu, ta kusa fara ƙwai. Ba sai ka sauya mata komai ba, da kanta za ta gano hanyar gwangwanin.